Sabuwar Mota Cikin Tsohuwar Riga: Nazarin Ginin Kulob ɗin Royal Automobile na Landan, 1908–1911

Tsakure

Wannan takarda ta dubi ginin kulob ɗin masu motoci da ke lamba 89 a titin Pall Mall na birnin Landan, wanda Charles Mewès da Arthur Davis suka zana tare da E. Keynes Purchase, aka buɗe shi a 1911. Hujjar da take kafawa ita ce, fuskar ginin da cikinsa ba magana ɗaya suke yi ba. Fuskar ta ari kamannin fadojin sarakunan Faransa domin samar wa sababbin masu kuɗi asalin da ba su gada ba, alhali ƙashin ƙarfen da ke riƙe da ginin da abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ƙasa su ne suka sauya ma'anar kulob a Ingila. An kwatanta ginin da maƙwabtansa na ƙarni na 19, an kuma bi sawun tasirinsa har cikin jiragen ruwan fasinja.

Gabatarwa



Duk wanda ya taso a gidan da ke da zaure ya san cewa gini yana tantance mutane tun kafin mai gida ya buɗe baki. Akwai baƙon da iyakarsa dakali, akwai wanda ake shimfiɗa wa tabarma a zaure, akwai kuma wanda ake ce wa ya shigo ciki. Da wannan ido nake son mu kalli kulob ɗin Turawan Ingila, domin shi ma gida ne da aka gina musamman don ya raba na ciki da na waje. Bambancin kawai, a can ba jini ko aure ke ba mutum izinin wucewa ba. Ƙuri'a ce. A al'adar tsofaffin kulob-kulob na Landan, idan an kawo sunan mai neman shiga, 'yan kulob kan jefa ƙananan ƙwallaye cikin akwati a asirce, fari na amincewa, baƙi na ƙi, kuma baƙaƙe kaɗan sun isa su rufe wa mutum ƙofa.

Na zaɓi ginin Royal Automobile ne saboda shi ne babban kulob na ƙarshe da aka gina a Pall Mall, kuma shi ne wanda ya fi saɓa wa sauran duk da ƙoƙarin da ya yi na kama da su.

Titin da maƙwabtan

Pall Mall titi ne da ya saba da sabon abu. A 1807 aka fara gwada haska shi da fitilun gas, tun sauran titunan duniya na fama da aci-bal-bal. Amma abin da ya ba shi suna shi ne jerin kulob-kulob da suka tashi a gefensa na kudu, a kan filin masarauta, cikin shekaru ƙalilan. Athenaeum na malamai da marubuta, zanen Decimus Burton, ya kammala a 1830, da gunkin Athena a saman ƙofa da zanen da aka kwaikwayo daga haikalin Parthenon na Girka. Kusa da shi Charles Barry ya gina Travellers a 1832, sannan Reform a 1841, dukansu a kan fasalin gidajen manyan Italiya na zamanin farfaɗowa. Reform ya ɗauki kamanninsa daga fadar Farnese ta birnin Rum.

A cikin Reform ne Barry ya yi abin da ya zama ƙa'ida ga masu zuwa. Gidan Italiya yana da tsakar gida a buɗe, sararin sama a kanta. Ruwan Landan da sanyinta ba za su bar wannan ba, sai aka rufe tsakar gidan da rufin gilashi, ta zama babban falo mai hawa biyu, baranda na zagaye da shi. Daga nan kowane ɗaki ke buɗewa: ɗakin cin abinci, ɗakin karatu, ɗakin shan taba, ɗakin karta. Duk mai shiga ko fita sai ya ratsa ta wurin, a gan shi, ya ga wasu. Aikin kulob na ƙarni na 19 ke nan a taƙaice: wurin zama, ci, karatun jarida da hira tsakanin mutanen da suka riga suka san juna tun daga makaranta, ko barikin soja, ko majalisa.

Masu motoci ba su cikin wannan sahu. A 1897 Frederick Simms ya kafa ƙungiyarsu, shekara ɗaya bayan dokar 1896 ta ɗage sharaɗin cewa sai wani ya riƙa tafiya a ƙasa gaban abin hawa mai inji, ta kuma ɗaga iyakar gudu zuwa mil 14 cikin awa. Ƙungiya ce ta fafutuka kafin ta zama wurin hutu. Ita ta shirya gwajin tafiyar mil 1,000 a 1900 don nuna wa jama'a cewa mota ba abin wasa ba ce, ta sa baki a muhawarar dokar 1903 da ta kai iyakar gudu mil 20, ta kuma fara tseren Tourist Trophy a 1905. A 1907 Sarki Edward na Bakwai ya ba ta izinin ɗaukar laƙabin sarauta a sunanta. Cikin 'ya'yanta akwai masu sarauta, amma akwai injiniyoyi, masu masana'antu, dillalan motoci da 'yan kasuwar da arzikinsu bai wuce shekara ashirin ba. Abin da ya haɗa su na'ura ce mai ƙara da hayaƙi da ƙura, wadda mutanen karkara suka tsana. 'Yan tsofaffin kulob har laƙabi suka yi wa sabon wurin, suna kiransa mashayar direbobi.

Wannan gori shi ne matsalar da aka miƙa wa masu zane su warware da dutse.

Fuskar gini: asalin aro

Filin da aka samu ba ƙaramin fili ba ne. Nan tsohuwar Ma'aikatar Yaƙi ta Birtaniya take, cikin wasu tsofaffin gidaje da aka haɗe, ciki har da Cumberland House na ƙarni na 18, kafin ma'aikatar ta koma sabon gininta a Whitehall a 1906. Aka rushe, aka fara aiki a 1908. Fuskar da ta tashi a wurin ta kai ƙafa 228 a tsawo, ta zarce ta kowane kulob a titin, kuma aikin ya ci fam 250,000.

Waɗanda aka ba zanen ba masu gina kulob ba ne, masu gina otal ne. Charles Mewès mutumin Alsace ne, shi ya tsara otal ɗin Ritz na Paris da aka buɗe a 1898. Arthur Davis ɗan Ingila ne da aka haifa a 1878, ya yi karatu a makarantar Beaux-Arts ta Paris, Mewès ya ɗauke shi abokin aiki tun yana saurayi. Su biyun suka gina Ritz na Landan da aka buɗe a 1906, tafiyar mintuna kaɗan daga Pall Mall. Zaɓen waɗannan mutane kaɗai ya isa ya nuna inda kwamitin kulob ya dosa.

Abin da suka ɗora a bakin titi Faransa ce ta ƙarni na 18. Hawan ƙasa an yi shi da manyan duwatsu masu zurfin gaɓa, don ido ya ji nauyi da ƙarfi. A kansa dogayen ginshiƙai suka miƙe suka haɗe hawa biyu, a tsakiya kuma aka turo wani sashe gaba, aka ɗora masa goshi mai kusurwa uku irin na haikalin dā. Dutsen farin dutsen Portland ne, wanda aka gina majami'ar St Paul da shi, don haka launin na Landan ne ko da yake harshen na Paris ne. Wanda ya san dandalin Concorde zai gane dangantakar nan take da tagwayen gine-ginen da Ange-Jacques Gabriel ya yi wa Sarki Louis na Goma Sha Biyar. Kuma ba banza ba: a ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine kulob ɗin masu motoci na Faransa, wanda aka kafa a 1895, yake zaune. A lokacin Faransa ce uwar harkar mota, daga can ake sayo Panhard da De Dion da Renault. Ga kuma yanayin siyasa: yarjejeniyar abota ta 1904 tsakanin ƙasashen biyu, da baje kolin haɗin gwiwa da aka yi a White City a 1908, da sarkin da kowa ya san son da yake yi wa Paris. Sarkin bai ga buɗe ginin ba, ya rasu a watan Mayun 1910.

Saboda haka zaɓen salon Faransa ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ya ba kulob tsufan da ba shi da shi, ya kuma bambanta shi da maƙwabtan da suka ari Girka da Italiya. A duk faɗin fuskar, wuri ɗaya ne mota ta leƙo: cikin sassaƙen da ke goshin ginin, aikin Bafaranshe Ferdinand Faivre, inda aka sa abin hawa mai inji a tsakiyar siffofin da aka saba gani a fadoji. Idan aka rufe wannan sassaƙe da tafin hannu, babu abin da zai gaya wa mai wucewa cewa masu gidan mutanen fetur da taya ne. Wannan ita ce shigar burtu a fannin gini, kuma ban faɗe ta don zargi ba. Baƙon da ke neman wurin zama a majalisar dattawa dole ya sa rigar da majalisar ta sani.

Ƙashin ƙarfe

A bayan dutsen akwai ƙarfe. Ginin yana tsaye ne a kan ginshiƙai da sandunan ƙarfe da aka ɗaure da juna, dabarar da ta bunƙasa a Chicago da New York, wadda Mewès da Davis suka riga suka gwada a Ritz. A ginin gargajiya, ko na tubalin ƙasa ne ko na dutse, bango ke ɗaukar nauyi, shi ya sa maginin Kano ke faɗaɗa gindin katanga yana rage kaurinta yayin da take hawa. A ginin ƙarfe bango sutura ce kawai. Dokar gini ta Landan ta 1894 ba ta san da wannan ba, ta ci gaba da tilasta kaurin bango kamar shi ke riƙe da benen, har sai da aka gyara ta a 1909, ana tsakiyar wannan aiki. Ginin ya faɗo daidai kan gaɓar da doka ke bin fasaha a baya.

Me ƙarfen ya saya wa kulob? Faɗin ɗaki ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, da 'yancin ɗora babban ɗaki a kan wani babban ɗaki ba tare da bangayensu sun hau kan juna ba. Barry ba shi da wannan dama. A Reform, tsarin hawan ƙasa shi ke hukunta na sama. A nan kuwa an iya shimfiɗa dogon zauren cin abinci mai ado irin na fadar Faransa, aka jera ɗakunan kwana a sama kamar na otal, aka kuma buɗe wani makeken sarari a ƙarƙashin ƙasa, duk a cikin gini ɗaya.

Tsakar gidan Barry ba ta ɓace ba, siffa ta sauya. Mai shiga daga titi yana ratsa ƙofa da ɗan zaure, inda mai gadi ke tantance shi, sannan ya faɗo cikin falo mai siffar ƙwai, hawa biyu, baranda na kewaye da shi. Siffar ƙwai dabara ce da 'yan makarantar Beaux-Arts suka ƙware a kai: ba ta da kusurwar da mutum zai maƙale, tana juya mai tafiya a hankali zuwa dama ko hagu, tana kuma ɓoye duk wata karkata da ke cikin fili. A yau a wannan falo ake ajiye mota guda don kallo, ana sauya ta lokaci zuwa lokaci. Abin da fuskar ta ɓoye, cikin gida ya ɗora shi a kan tabarmar girmamawa.

Ƙarƙashin ƙasa

A ganina, wanda ke son fahimtar wannan gini ya fara daga ƙasa ya hau sama, domin a ƙasan ne sabon abu yake.

Matakala na sauka da mutum zuwa wurin ninkaya mai tsawon kimanin mita 26, an shimfiɗe shi da marmara, ginshiƙai na tsaye a gefensa an lulluɓe su da ƙananan duwatsu masu launi da aka jera kamar ɓawon kifi. Adon ya koma ga gidajen wankan Rumawa, irin waɗanda aka tono a Pompeii. Kusa da shi akwai ɗakunan wankan tururi irin na Turkawa, jere daga mai ɗumi zuwa mai zafi, inda mutum zai yi gumi kamar mai surace, a murza masa jiki, ya faɗa ruwan sanyi, ya kwanta ya huta. An kuma tanadi wuraren wasan ƙwallon bango, da wurin wasan takobi, da wurin koyon harbi.

Ba shi ne kulob na farko mai wurin ninkaya a Landan ba. Bath Club da aka kafa a 1894 a titin Dover ya riga shi. A New York ma University Club, wanda kamfanin McKim, Mead da White ya kammala a 1899, ya ɓoye benaye masu yawa a bayan fuskar da ke nuna kamar hawa uku ce, da wurin ninkaya a ƙasa. Abin da Royal Automobile ya yi shi ne shigo da wannan tunani cikin Pall Mall kanta, tsakiyar kulob-kulob ɗin da ke ganin kujera mai laushi da jarida sun ishi mutumin kirki.

A nan ne mota ta yi tasiri a kan ginin, ta hanyar da ba a gani daga titi. Motar 1908 a buɗe take, yawancin hanyoyin karkara kuma ba kwalta. Wanda ya tuƙo daga Brighton ko Oxford yakan iso da ƙura har cikin kunne, sanyi ya ratsa ƙashinsa, hannunsa duk baƙin mai. Irin wannan mutum wanka yake nema kafin hira, da ɗakin da zai kwana, da wurin sauya tufafi. Kuma mota ta faɗaɗa da'irar waɗanda ke iya zuwa Landan su koma, don haka 'yan kulob suka kai dubbai, yawancinsu ba su san juna ba. Tsohon kulob gida ne na mutanen da suka san juna. Wannan kuwa masauki ne na mutanen da abu ɗaya ya haɗa, shi ya sa masu zanen otal suka fi kowa dacewa da shi. Kula da jiki ya zo ya zauna daidai da kula da hira.

Sai dai wurin ninkaya a ƙarƙashin bene ba ado ne kawai ba, aikin injiniya ne mai wuya. Dole a hana ruwan ciki fita, a hana na ƙasa shiga, a dafa ruwa dare da rana, a fitar da tururi kafin ya ci ƙarfe ya ɓata fenti a ɗakunan sama. Tukwanen dafa ruwa, bututu, injinan tura iska, lif da wayoyin lantarki, su ne rabin ginin da baƙo ba ya gani. Mutanen da suka saba buɗe murfin inji sun gina wa kansu gidan da shi ma inji ne, suka rufe shi da marmara.

Waɗanda zanen ya ɓoye

Akwai mutane iri biyu da tsarin ginin ya yi shiru a kansu, kuma shirun nan yana damuna duk lokacin da na koma kan zanen irin waɗannan gidaje.

Na farko ma'aikata. Gida mai wannan girma ba ya tafiya sai da masu dafa abinci, masu kai shi, masu wanki da guga, masu zuba gawayi a tukunya, masu gyaran gado. Ƙa'idar Beaux-Arts ita ce a raba hanyar mai gida da ta bara: matakala daban, ƙofa daban, lungu daban, yadda abinci zai bayyana a tebur kamar daga sama ya sauko. Gwanintar mai zane a wancan zamani ana auna ta da yadda ya iya ɓatar da waɗannan mutane daga ido. Mu da ke nazarin gini a yau bai kamata mu taya shi ɓatar da su ba. Sassaƙen goshi na da sunan mai shi, amma wanda ya kwana yana ciyar da wuta don ruwan wanka ya yi ɗumi da asuba, tarihin gini bai cika tambayar ɗakin da yake kwana ba.

Na biyu mata. Tun farkon zuwan mota mata ke tuƙi, amma ƙungiyar ba ta karɓe su ba, har suka kafa tasu a 1903, suna taruwa a otal ɗin Claridge's. Reform ya buɗe wa mata ƙofa a 1981, Royal Automobile kuwa sai a ƙarshen shekarun 1990. Wannan ba batun dokar kulob kaɗai ba ne, ya shiga cikin bango. Gidan wanka da aka zana don jinsi ɗaya, da wurin tuɓe tufafi ɗaya da hanya ɗaya zuwa ruwa, ba a sauya shi da ƙuri'ar kwamiti kawai. Sai an nemo sarari a cikin ginin da hukuma ta sa a jerin waɗanda ba a taɓa su sai da izini. Wariyar da aka zuba cikin siminti ta fi wadda aka rubuta a takarda wuyar gogewa. Mu ma mun ga reshen wannan al'ada a kulob-kulob ɗin da jami'an mulkin mallaka suka kafa a garuruwanmu, inda ɗan ƙasa ke shiga ta ƙofar baya da tire a hannu, ko da yake waɗancan gine-gine ne masu sauƙi, na baranda da rufin kwano, ba su da alaƙa da wannan ta fuskar salo.

Daga Pall Mall zuwa teku

Tasirin ginin bai bi ta kan sauran kulob-kulob ba, domin bayansa ba a sake gina irinsa a titin ba. Yaƙin 1914 ya zo, kuɗi da ma'aikata masu arha suka ƙare. Kulob ɗin kansa, da ya nemi ƙarin sarari, karkara ya nufa, ya sayi gidan Woodcote Park kusa da Epsom a 1913.

Inda tasirin ya bi shi ne ruwa. Mewès ya daɗe yana yi wa kamfanin jiragen Hamburg-Amerika na Albert Ballin adon cikin jirage. Da aka ƙera Imperator, wanda ya fara jigila a 1913 a matsayin jirgin fasinja mafi girma a duniya, sai aka sa masa wurin ninkaya mai hawa biyu da ginshiƙai irin na Pompeii, a kan samfurin na Pall Mall. Shi kuma Davis ya yi wa kamfanin Cunard adon Aquitania, wanda ya fara tafiya a 1914, shekarar da Mewès ya rasu. Abokan aiki biyu, ɗaya na ƙawata jirgin Jamus, ɗaya na Birtaniya, ana saura watanni ƙasashen su shiga yaƙi da juna.

Dabarar ɗaya ce a tudu da teku: ƙashin ƙarfe da tukwanen wuta a ciki, fadar sarki a ido, ma'aikata a hanyar da ba a gani. Bayan yaƙin aka karɓe Imperator daga hannun Jamus a matsayin diyya, aka miƙa wa Cunard, aka sauya masa suna zuwa Berengaria. Ya ci gaba da ratsa Atlantika da wurin wankan nan a cikinsa har zuwa 1938, lokacin da aka sayar da shi ga masu yanka ƙarfe. Na asalin yana nan a ƙarƙashin lamba 89, ana ninkaya a cikinsa har yau.